Bob Hayes: Sarkin Gudun da Ya Sauya Ƙwallon Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, a fitowar wannan mako mun ɗauko muku tarihin wani ɗan wasa Ba'amurke mai suna Bob Hayes, wanda ya rasu tun shekarar 2002. A zamaninsa babu wanda ya fi shi gudu a duniya. Ya ci lambar zinare biyu a gasar Olamfik, ya koma ƙwallon Amurka ya ɗauki kofin da ya fi kowanne daraja a wasan, kuma har yau shi kaɗai ne ya taɓa haɗa waɗannan biyun. Bayan duk wannan ɗaukaka sai da ya yi zaman gidan yari saboda miyagun ƙwayoyi. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta nuna iyakar abin da baiwa za ta iya yi wa mutum, da kuma inda take barinsa shi da halinsa.

Yadda wasan yake

Da yake yawancinmu ba mu saba da ƙwallon Amurka ba, bari mu fara da bayaninsa a taƙaice. Amurkawa suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma kusan duk da hannu ake yinsa. Ƙwallon tana da siffar ƙwai mai tsini a kai biyu. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, suna sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa, saboda wasa ne na karo da kayarwa. Tsawon filin yadi 100 ne, wato kimanin mita 91, kuma yadin nan shi ne dai wanda ake auna atamfa da shi a kasuwa. A kowane ƙarshen fili akwai wani yanki mai yadi 10. Duk wanda ya shiga yankin abokan hamayya riƙe da ƙwallo, ko ya cafe ta a ciki, ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. Wannan shi za mu riƙa kira ci a cikin wannan tarihi.

Masu kai hari suna da dama huɗu su matsa gaba da yadi 10. In sun yi, a sake ba su wasu huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanyar matsawa biyu ce: ko a rungumi ƙwallo a kutsa da gudu, ko a jefa ta gaba wani ya cafe. Mai jifan shi ne jagoran hari. Masu cafkar kuwa a gefen fili suke tsayawa, nesa da cunkoso, da zarar an fara sai su zura a guje su nemi kuɓuce wa mai tsaronsu. Aikin Bob Hayes ke nan, mai cafke ƙwallo na gefe.

Haihuwa da tasowa

An haifi Robert Lee Hayes ranar 20 ga Disamba, 1942, a birnin Jacksonville na jihar Fulorida, a kudancin Amurka. A wancan lokaci dokokin wariyar launin fata suna aiki a jihohin kudu. Baƙar fata da Turawa ba su zama aji ɗaya, ba su cin abinci wuri ɗaya, ba su kuma karawa a gasar makarantu ɗaya. Hayes ya yi sakandare a makarantar Matthew Gilbert, wadda ta baƙar fata ce. A 1958 ƙungiyar ƙwallon makarantar ta gama kakar wasa ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta zama zakara a tsakanin makarantun baƙar fata na jihar. Hayes yana cikin ƙungiyar, amma a matsayin ɗan benci. Duk wanda a cikinmu yake zaman jiran canji a ƙungiyar gidansu, ya riƙe wannan.

Da ya gama sakandare, manyan jami'o'in Turawa na jihar ba su sa baƙar fata a ƙungiyoyinsu. Sai ya shiga jami'ar Florida A&M da ke Tallahassee, wadda aka kafa domin baƙar fata. A can ya faɗa hannun Jake Gaither, kocin da ya jagoranci ƙungiyar jami'ar daga 1945 zuwa 1969, ya ci wasanni sama da 200. A ƙarƙashinsa Hayes ya buga wasa a matsayin mai gudu da ƙwallo. Ya saba da karo, ya saba da faɗuwa da tashi, tun kafin duniya ta san shi da tsere. Wannan zai yi masa rana daga baya.

Mai gudun da ya fi kowa

Masu kallo sun sha mamakin salon gudunsa. Ƙaƙƙarfa ne mai faɗin ƙirji, yatsun ƙafarsa suna karkata ciki, yana gudu yana rangaji kamar mai shirin ture bango. Salon bai da kyan gani, amma agogo ba ya duba kyau. A 1963, a birnin St. Louis, ya gudu yadi 100 cikin sakan 9.1, ya kafa sabon tarihi a duniya. Shekara 11 aka yi kafin Ivory Crockett ya karya wannan tarihi a 1974. Hayes ne kuma mutum na farko da ya gama yadi 60 cikin ƙasa da sakan 6, inda ya yi 5.9. Saboda wannan sauri aka laƙaba masa suna Bullet Bob, wato Bob Harsashi.

A watan Oktoba na 1964 aka yi gasar Olamfik a Tokiyo, babban birnin Japan. Watanni uku kacal kafin nan aka sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a a Amurka. Ke nan saurayin da ya je ɗaga tutar ƙasarsa ya tashi ne a garin da doka ta ware shi. Yana da shekara 21.

A zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100, agogon lantarki ya nuna sakan 9.91, amma ba a karɓe shi a matsayin tarihi ba, don iska mai ƙarfi tana tura masu gudun daga baya. Ranar 15 ga Oktoba aka yi tseren ƙarshe. Filin tseren wancan zamani na toka da ƙasa ne da aka daddaɓe, ba irin na roba da muke gani a talabijin yanzu ba. Layi na ɗaya ya faɗo wa Hayes, layin da masu tseren tafiya ta kilomita 20 suka riga suka tattake. Takalmin gudun da ke ƙafarsa ma na aro ne. Duk da haka ya gama cikin sakan 10.0, daidai da tarihin duniya na lokacin, agogon lantarki kuma ya nuna 10.06. Enrique Figuerola na Kyuba ya zo na biyu, Harry Jerome na Kanada na uku, da tazarar da kowa ya gani da idonsa.

Bayan kwana shida aka yi tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100. Paul Drayton da Gerry Ashworth da Richard Stebbins ne suka riga shi. Lokacin da sanda ta iso hannunsa Amurka tana baya, ƙasashe da dama suna gabanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya wuce, ya tsallake layi da rata. Amurka ta kafa sabon tarihi da sakan 39.0, Polan ta zo ta biyu, Faransa ta uku. Masu agogon hannu sun auna nasa kason tsakanin sakan 8.5 da 8.9, da yake a guje ya karɓi sandar. Har yau masana tsere suna lissafa wannan gudu cikin mafi ban mamaki da aka taɓa yi. Shi ne kuma tserensa na ƙarshe. A wancan zamani ba a biyan masu tsere kuɗi, duk wanda ya karɓi albashin wasa ya fita daga Olamfik ke nan. Hayes ya zaɓi sana'ar da za ta ciyar da shi.

Daga tsere zuwa ƙwallo

Tun a ƙarshen 1963 ƙungiyar Dallas Cowboys ta jihar Teksas ta riga ta zaɓe shi, a zaɓen sababbin 'yan wasa da babbar gasar NFL take yi kowace shekara. A zagaye na bakwai aka ɗauke shi, bayan an zaɓi mutum 87. Hakan ya nuna ba a sakankance da shi ba. Akwai dalili: an sha gwada masu tsere a wannan wasa ba su yi abin kirki ba. Frank Budd, wanda Hayes ya karya tarihinsa na yadi 100, ya gwada a Philadelphia da Washington bai daɗe ba. Gudu a layi miƙaƙƙe daban, gudu kana waiwayen ƙwallo alhali wani ƙato yana shirin kayar da kai daban.

Dallas a lokacin ƙaramar ƙungiya ce, an kafa ta a 1960, kuma ba ta taɓa gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara ba. Kocinta Tom Landry ya mayar da Hayes mai cafke ƙwallo na gefe, gurbin da ba shi ya saba bugawa a jami'a ba. Dole ya zauna ya koyi aikin kamar ɗan aji ɗaya: inda zai karya gudu, yadda zai yaudari mai tsaro, yadda zai cafe ƙwallon da ta biyo ta saman kafaɗarsa.

A kakarsa ta farko, 1965, ya cafe ƙwallo 46, ya tara yadi 1,003, ya yi ci 12, fiye da kowane mai cafka a gasar. A 1966 ya cafe 64, ya tara yadi 1,232, ya yi ci 13, ya sake zama na ɗaya. A watan Nuwamba na wannan shekara, a wasansu da Washington, ya tara yadi 246 shi kaɗai. A ciki har da wani jifa na Don Meredith da ya kai yadi 95, kusan tsawon filin gaba ɗaya. A shekarar ce Dallas ta fara zama ƙungiyar da ake jin tsoro. An zaɓe shi wasan taurarin gasar shekara uku a jere, daga 1965 zuwa 1967.

Abin da ya fi alƙaluma muhimmanci shi ne yadda ya tilasta wa sauran ƙungiyoyi sauya dabara. Kafin zuwansa an fi yin tsaron mutum da mutum: kowane mai tsaro ya riƙe nasa, ya bi shi duk inda ya je. To, wa zai bi zakaran Olamfik? Da ya wuce ka da taku ɗaya, magana ta ƙare. Sai kociyoyi suka ƙara dogara da tsaron yanki, inda ake raba fili kashi-kashi, kowa ya tsare nasa, a ajiye wasu can baya suna jiransa. Wasu kuma suka koma tare mai cafka tun a layin farawa, su bangaje shi kafin ya ɗauki wuta. Waɗannan dabaru sun bunƙasa a zamaninsa, kuma ana yawan danganta bunƙasarsu da shi. Ko a wasan da bai taɓa ƙwallo sosai ba yana da amfani, domin mutum biyun da suka tafi gadinsa sun bar wa abokansa fili.

Ranar ƙanƙara da ranar kofi

Ba kullum ake kwana a gado ba. Ranar 31 ga Disamba, 1967, Dallas ta je garin Green Bay, a arewacin Amurka, buga wasan ƙarshe na gasar. Sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, fili ya daskare. Hayes, ɗan Fulorida mai zafi, ya riƙa cusa hannuwansa cikin wando don ɗumi duk lokacin da ya san ba jifa za a yi ba. In za a yi jifa sai ya fito da su. 'Yan Green Bay suka lura, suka riƙa karanta shirin Dallas daga hannuwansa. Green Bay ta ci da maki 21 da 17. Ƙaramar ɗabi'a ce da bai ɗauke ta komai ba, amma ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, duk lokacin da ake muhawara a kan darajarsa.

Ya ci gaba da haskakawa. Ranar 20 ga Disamba, 1970, ranar da ya cika shekara 28, ya yi ci huɗu a wasa ɗaya da Houston. A watan Janairu na 1971 Dallas ta kai wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ake fitar da zakaran ƙasa, amma Baltimore ta doke ta da 16 da 13. Shekara ta zagayo suka koma. Ranar 16 ga Janairu, 1972, a birnin New Orleans, suka lallasa Miami Dolphins da 24 da 3. Mai jefa musu ƙwallo a ranar shi ne Roger Staubach, wanda aka zaɓa shekara ɗaya da Hayes, amma sai da ya gama aikin sojan ruwa ya zo. A wannan wasa, zobe ake bai wa kowane ɗan ƙungiyar da ta ci kofi. Hayes ya haɗa zoben da zinarensa na Tokiyo.

Ya yi kaka 10 a Dallas, ya ƙarasa da ɗan gajeren zama a San Francisco a 1975. Jimilla ya cafe ƙwallo 371, ya tara yadi 7,414, ya yi ci 71 ta hanyar cafka. Mu yi lissafi tare: kowace cafka tana kawo yadi 20, ninki biyu na abin da ƙungiya take nema a dama huɗu, kuma kusan ɗaya cikin kowace biyar takan ƙare da ci. Tarihinsa na ci 71 a Dallas ya tsaya har 2017, lokacin da Dez Bryant ya wuce shi.

Faɗuwa

Yana da shekara 32 wasa ya ƙare. Tun yana saurayi ake tafa masa, yanzu fili ya koma na wasu. Giya da ƙwayoyi suka sami wurin zama a rayuwarsa. A 1979 ya amsa laifi a gaban kotu a Teksas, cewa yana da hannu a miƙa miyagun ƙwayoyi, har da hodar iblis, ga wani jami'in tsaro da ya yi shigar burtu. Aka yanke masa shekara biyar, ya yi wata 10 a kurkuku aka sake shi.

Wata goma ba su da yawa in an gwada da shekarun da ya yi yana gina sunansa, amma sun isa su rushe shi. Mutumin da ake nunawa yara a matsayin abin koyi ya zama wanda ake yi musu kashedi da shi. Bayan fitowarsa ma bai rabu da shaye-shaye nan take ba, sai da ya shiga cibiyar gyaran hali fiye da sau ɗaya. Cikin waɗanda ba su juya masa baya ba akwai tsohon abokin wasansa Roger Staubach. A 1990 Hayes ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa mai suna Run, Bullet, Run, inda ya ba da labarin hawansa da faɗuwarsa da ƙoƙarin farfaɗowarsa.

Tashi a hankali

Akwai wani abu da ya bari a baya lokacin da suna da kuɗi suka kira shi: bai kammala digirinsa ba. A 1994, yana da shekara 51, ya karɓi digiri a fannin koyar da yaran firamare daga jami'arsa ta Florida A&M, shekara 30 bayan Tokiyo. Gemu dai ba ya hana ilimi. A ganinmu wannan ya cancanci a jera shi da lambobin zinaren, domin a nan babu baiwar ƙafa da za ta taimake shi, sai haƙuri da zama a kan littafi, da cire kunyar zama cikin sa'o'in 'ya'yansa.

Girmamawa kuwa ta yi ta jan ƙafa. A garin Canton na jihar Ohio akwai Zauren Gwarazan ƙwallon Amurka, inda ake ajiye mutum-mutumin kan fitattun 'yan wasa, kuma shiga cikinsa shi ne burin kowane ɗan wasa. Shekaru suka yi ta wucewa ba a zaɓi Hayes ba. Wasu sun ce bai taka rawar gani ba a manyan wasannin ƙarshe, suna kafa hujja da ranar ƙanƙara. Wasu sun ce zaman kurkukun ne ake hukunta shi a kai karo na biyu, alhali ƙa'idar zauren ita ce a duba abin da mutum ya yi a fili kawai. Ita kanta Dallas sai a watan Satumba na 2001 ta rubuta sunansa a jerin gwarazanta da ke kewaye da filin wasanta. Ya halarci bikin, amma rashin lafiya ta riga ta ci ƙarfinsa.

Ya rasu ranar 18 ga Satumba, 2002, a garinsu Jacksonville, sakamakon gazawar ƙoda, bayan ya yi fama da ciwon daji da ciwon hanta. Yana da shekara 59. A 2004 sunansa ya kai matakin ƙarshe na zaɓen Zauren Gwaraza, aka sake ƙin sa. Sai a 2009, shekara bakwai bayan rasuwarsa, aka shigar da shi. Staubach ne ya gabatar da shi, ɗansa ya tsaya a madadinsa. Shi ne mutum na biyu mai zinaren Olamfik da ya shiga zauren, bayan Jim Thorpe.

Abin da muka ɗauka

A makarantar nan akwai masu gudu, akwai masu ƙwallo, akwai waɗanda lissafi ko muhawara suke zo musu da sauƙi. Tarihin Hayes ya nuna mana cewa ko mai gudun da ya fi kowa a duniya sai da ya sunkuyar da kai ya koyi sabon aiki kafin baiwarsa ta yi amfani a Dallas. Ya nuna mana cewa wasa yana ƙarewa mutum yana da sauran ƙarfi, kuma wanda bai tanadi abin yi ba, zaman banza zai tanadar masa. Ya nuna mana farashin ƙwaya: ta ci masa 'yanci na wata goma, ta ci masa mutunci na shekaru, ta kuma sa bai ga ranar da ya fi ɗoki da idonsa ba. Duk wanda aka taɓa miƙo wa wani abu a bayan aji da sunan gwaji, ya auna da wannan.

Ba mu ce a tuna da shi da laifinsa kaɗai ba. Ya amsa laifin, ya yi zaman hukuncinsa, ya nemi magani, ya koma makaranta. A Jacksonville har yanzu ana shirya gasar tsere ta ɗaliban sakandare da sunansa kowace shekara, inda yara irinmu suke zuwa daga makarantu daban-daban su gwada ƙafa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.